Rakiya Har Tsakiyar Tafki

Duk mai jin Hausa a Greensboro da ya taɓa zuwa gidan Liyatu ya san cewa in yana son ya isa gida kafin magariba, to tun la'asar zai fara sallama. Ba wai tana riƙe baƙo da abinci ba ne, ko da yake wannan ma tana yi. Rakiyarta ce ba ta san inda ake tsayawa ba.

A hawa na biyu suke, cikin wani rukunin gidajen haya da ke bayan titin Wendover. Za ta sauko da kai daga bene, ta kai ka mota, ta rufe maka ƙofa da hannunta. Kana tayar da mota sai ka ji ƙwanƙwasa a gilashi. Ka sauke, ta dafa, ta ɗora daga inda aka tsaya. Ka fara gangarawa a hankali, ita ma ta fara, hannunta a kan ƙofarka, silifas na ta faf-faf a kan kwalta, tana ba ka labarin wadda ta zo coci da ɗaurin ɗankwalin da ya tare wa rabin jama'a fasto. Sai kun kai bakin babban titi, inda motoci ke wucewa kamar an koro su, sannan ta saki motar ta ce a gai da mutanen gida. Matan zumunta na cocinsu sukan ce da ba don Wendover ba, da tuni Maman Jerry, kamar yadda suke kiranta, ta raka wani har birnin Charlotte.

Ita ba ta ga abin dariya a ciki ba. A Kagoro aka haife ta, a gidan da uwa kan raka baƙuwa har gindin dutse, baƙuwar ta ji nauyi ta juyo ta rako ta, ita kuma ta ce ina, ta sake mayar da ita, suna ta kai da komo har miya ta kama a tukunya. Liyatu ta tashi da sanin cewa wanda ya sallami baƙo daga bakin ƙofa korarsa ya yi, illa dai da fara'a. Ta daɗe a Amurka. Ta saba da sanyi, ta saba da mutanen da ke sumbatar kare, amma har yau ba ta saba da mutum ya ce maka sai an jima yana zaune a kujera, kai ka ja wa kanka ƙofa ba.

Muryarta siririya ce mai hawa. In ta ji daɗi, maganar kan yi ta tashi sama har ta tsinke ta zama dariya kafin a kai ƙarshenta, sai mai sauraro ya ƙarasa da kansa. Mijinta Malachy kuwa tasa daga ƙasan rijiya take fitowa, kuma ba ya ɗebowa da yawa. To, haka ne, Allah ya kyauta: da waɗannan yakan kai mako.

Liyatu tana aiki a sashen kek na wani babban kanti, tun da sassafe tana shafa kirim tana rubuta sunayen 'ya'yan mutane da shuɗi da ja. Malachy yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani katafaren sito, aikin dare. Tun ɗansu Jerry yana goye suka tsara haka, don kada a bar yaro a hannun baƙi. Jerry ya yi gemu ya tafi jami'a a Raleigh, tsarin yana nan inda yake, babu wanda ya tuna cewa ana iya canja shi. A matakala suke haɗuwa da safe, shi yana hawa ita tana sauka. Gadonsu bai taɓa yin sanyi ba, amma bai cika ɗaukar su tare ba. Ko daren da yake hutu, gaban talabijin yake ƙarewa, don jikinsa ya riga ya yarda cewa dare na aiki ne. Hirarsu mafi tsawo ita ce rakiyar da take yi masa da yamma, daga bene zuwa bakin titi.

Ƙawarta Zipporah ce ta kawo labarin, bayan an tashi daga coci. Akwai wani tafki arewa da gari, da tashar da masu hali ke ɗaure jiragensu na shaƙatawa, wadda ake kira marina. Masu wurin sun gina ƙananan gidajen hutu na katako a bakin ruwa, kuma za su buɗe su Asabar da Lahadi jama'a su zo su gani, ko Allah ya sa wasu su yi sha'awar kamawa. Ana neman 'yan sa kai da za su tsaya a kowane gida su tarbi mutane. Ba biya. Amma duk wanda ya cika Asabar da Lahadin, za a ba shi kwana biyu a ɗaya daga cikin gidajen idan sanyi ya shigo, lokacin da ba baƙi.

Zipporah ta ci gaba da kwatancen hanya da inda ake fakin, amma Liyatu ta tsaya a kan kwana biyun. Kwana biyu, ita da Baban Jerry, ba sito, ba kek, ba matakala. A nan tsaye ta ji dariya ta taso mata daga ciki, irin ta 'yan mata a bayan aji, sai ta toshe baki da jaka. Ta yi musayar ranakun aiki da wata abokiyar aikinta. Malachy kuwa ta ce masa taimako za ta je yi a wani taro, ya ce to. Ta ƙudurta ba zai ji komai ba sai abin ya tabbata. Duk makon nan, tana tsaka da matsa kirim sai ta tuna, hannunta ya karkace, ta goge ta sake.

Mai kula da taron wata matashiya ce, Rachael, da hular hana-salla da wayar oba-oba a ƙugu. Turancinta da gudu yake fita, irin na ƙarshen tallar magani, inda ake jero maka illolinsa kafin ka ankara. Ta raba musu korayen riguna, Liyatu ta ɗora tata a kan zanen atamfa ta gyara ɗauri. Aka ba ta gidan da ya fi kusa da ruwa, aka rataya mata makullinsa a wuya. Dokar ba yawa: a yi maraba, a nuna ɗakuna, kada kowa ya hau gado, kuma wanda aka ba gida ba ya barin gidansa ko da wane dalili, don akwai kaya a ciki.

Da ta shiga ta rufo ƙofa, sai da ta yi juyi a tsakiyar falon. Ƙamshin sabon katako ko'ina. Taga guda ta cinye bango, tafkin kwance a cikinta yana ƙyalli. Gado kamar filin ƙwallo, an jibga masa matasan kai har ba wurin sa kan. A tebur akwai kwano cike da lemon tsami, ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ashe roba ne. Ta leƙa banɗaki ta ga bahon da zai ɗauki mutum biyu, ta ja ƙofar da sauri ta ce, "Yesu, ka yafe mini," sannan ta sake buɗewa ta ƙara kallo.

Baƙinta na farko wasu tsofaffin Turawa ne, mata da miji daga Pleasant Garden. An ce mata ɗan lokaci kaɗan ya ishi kowane baƙo, amma ta yaya mutum zai shigo gidanka ka bar shi a tsaye? Ta zaunar da su, ta ɗauko ruwa daga kular da ta zo da ita, ta tambayi yara da jikoki. Kafin su tashi ta san an yi wa tsohon aiki a gwiwa, ta san sunan surukar da ba ta kiran waya. Da suka miƙe, ƙafafunta suka miƙe tare da su. Hanyar fakin tsakuwa ce, ga hawa, ga gwiwar tsoho. Ta riƙe masa hannu har motarsu, ta rufe musu ƙofa, ta ɗan taka musu kaɗan. Da ta dawo ta tarar da falo cike da mutane, wani ƙato ya miƙe a kan gado da takalmansa, Rachael kuma a bakin ƙofa tana murmushin da bai wuce haƙora ba. Ta tuna mata dokar cikin lallami. Liyatu ta ba da haƙuri har da ɗan rusunawa.

Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Iyalin da suka biyo baya, a bakin ƙofa ta tsaya ta ɗaga musu hannu, ta ji kamar ta zage su. Na gaba ta ce bari ta kai su ƙarshen baranda kawai. Na bayansu ta kai su wata bishiya da ke gefen hanya, ta ce wa kanta nan ce iyaka. Sai dai bishiyoyin wurin duk kamarsu ɗaya, kuma kowane zuwa wadda take nufi sai ta ƙara matsawa gaba. Wajen azahar Rachael ta same ta a fakin, kanta a cikin tagar motar wasu 'yan Indiya, ana gardamar yadda ake dafa kuɓewa.

Wannan karon Rachael a hankali ta yi magana, har Liyatu ta ji kowace kalma. Ta ce tana son ta, baƙi ma suna yabonta, amma in ta sake zuwa ta tarar da gidan ba kowa, za ta karɓi makullin, kuma maganar kwana biyu ta tashi.

Liyatu ta koma gidan. Ta tsaya ta dubi ƙafafunta, don ta san su ne masu laifin. Ita ba ta taɓa yanke shawarar raka kowa ba, sai dai ta tsinci kanta a hanya. Sai dabara ta faɗo mata. Ta cire takalmanta, ta buɗe sabon obin ɗin kicin da ba a taɓa gasa komai a cikinsa ba, ta tura su ta rufe. Tsakuwar hanyar nan mai kaifi ce, ba mai taka ta da tafin ƙafa. Kuma dabarar ta ci. Sau da yawa ta zabura ta bi baƙi, tsakuwa ta mayar da ita. Har ta fara jin daɗin kanta, tana 'yar waƙarta ta zumunta tana gyara lemon roba.

Sai ta ji sallama daga ƙofar baya, ta wajen ruwa.

Alhaji Surajo ne da matarsa Hajiya Zinariya. Alhaji dillalin motoci ne, yana saye a gwanjo ya gyara ya sayar, kuma kullum magana yake kamar yana waya da Najeriya layin ba kyau. Hajiya kuwa ba ta ɗaga murya, ba ta kuma dariya in ta tsokane ka, sai ka kwana kafin ka gane. Ita ce ta tarbi Liyatu a garin nan tun tana baƙuwa, ta nuna mata inda ake samun daddawa da naman akuya, ta zauna da ita a asibiti ranar haihuwar Jerry. Kowace salla da kwanon Liyatu, kowace Kirsimeti da na Hajiya.

Alhaji bai jira an gama gaisuwa ba ya ja ta taga. Can a jikin gadar katakon da ake ɗaure jirage, ga wani faffaɗan jirgi mai rumfa da kujeru kamar falo. A gwanjon motoci ya gan shi ya saya, ya ce abin da ke da inji da sitiyari ai ba baƙonsa ba ne. Daga ɗaya gefen tafkin suka taso, yau ce fitarsa ta farko.

Hajiya ta zagaya gidan tana taɓa komai. Ta zauna a gefen gado ta gwada laushinsa. Liyatu ta buɗe baki, ta tuna asibiti, ta rufe. A banɗaki Hajiya ta daɗe tana kallon bahon, sannan ta juyo ta tambaye ta me aka ce za a ba 'yan sa kai. Liyatu ta faɗa mata a kunne, muryar ta hau ta tsinke. Hajiya ta gyaɗa kai ta ce ashe Jerry zai samu ƙane.

Da suka tashi tafiya, Liyatu ta kai su barandar baya ta toge. Ta ce a gai da gida, ta fara bayanin doka. Hajiya ta dubi barandar, ta dubi jirgin da ke nan kusa, ta gyara mayafi.

"Au, nan rakiyar ta tsaya? Ba komai, Maman Jerry. Kin zama 'yar ƙasa. Mun gode."

Da zagi ne da ya fi sauƙi. Liyatu ta duba hanyar: daga baranda zuwa jirgi katako ne sumul, ba tsakuwa ko ɗaya, kuma daga can ana hango gidan. Ta leƙa gaba, ba baƙi a lokacin. Don ta nuna ita mai riƙon amana ce, ta kulle gidan gaba da baya, ta mayar da makullin wuyanta, ta bi su ba takalmi.

Hajiya ta ɗauko labarin wani saurayi da ke neman 'yarta Khairiyya, wanda ya zo gai da Alhaji da gajeren wando. Ita da Alhaji suka shiga jirgi labarin bai kai rabi ba. Alhaji ya kwance igiya ya tayar da inji. Liyatu ta dafa ƙarfen gefen jirgin yadda take dafa ƙofar mota, jirgi ya fara tafiya, ita ma ta fara, tana tambayar to sai Alhaji ya ce masa me. Ba ta kallon ƙasa. A Wendover titi ne ke tsayar da ita, da ƙararsa da fitilunsa. Gadar katako kuwa ba ta sanarwa, ƙarewa kawai take yi. Ƙafarta ta dama ta taka iska. Hajiya, wadda ba a san ta da sauri ba, ta cafko wuyan koriyar rigar ta fizgo, sai ga Maman Jerry kwance a kujerar jirgi, ƙafafu a sama.

Ta tashi zaune tana roƙon Alhaji ya mayar da ita. Ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Ya murɗa sitiyari, jirgi ya yi kwana mai faɗi ya nufo gadar. Suna matsowa Liyatu ta ga ƙafar Alhaji tana lalube a ƙasa, ta taka nan, ta taka can.

"Alhaji, me kake nema?"

"Birki," in ji Hajiya. "Tun safe yake nemansa. Da muka zo wasu ƙarti ne suka tare mu da hannu, ga shi kuma ba na ganinsu."

Alhaji ya kauce wa gadar da ƙyar, ya ce wannan gwaji ne, yanzu za a yi na gaske. Suka sake zagayowa. Liyatu ta hango mutane sun fara taruwa a ƙofar gidanta. A zagaye na gaba layin ya kai bishiya. A na bayansa ga hular hana-salla ta fito kan gada, oba-oba a baki. Masu jiran layi suka ɗauka yawon jirgin yana cikin shirin, suka fara ɗaga hannu, Hajiya tana amsa musu da gefen mayafi kamar matar gwamna.

Liyatu ba ta taɓa hawa ruwa ba a rayuwarta. Da farko ta ƙanƙame kujera tana jero duk addu'ar da ta zo bakinta, cikin rigar ruwa ta hana nutsewa mai launin lemo da Hajiya ta zura mata a baibai. Duk sanda suka juya baya sai ta ga gidan yana ƙanƙancewa, da kwana biyunta a ciki. Amma iska ta ɗage mata ɗankwali, ruwa ya fantsamo mata a fuska, Alhaji yana yi wa jirgin tsawa da sunayen da yake kiran tsofaffin motoci, sai wani abu ya kwance a cikinta. Dariya ta kama ta. Ta so ta ɗaga wa Rachael makullin ta ga yana nan lafiya, dariyar ta hana hannun tashi. Har Hajiya sai da kafaɗarta ta motsa.

Daga ƙarshe Alhaji ya ce gaskiya wannan gadar ba a gina ta daidai ba. Shi wuri ɗaya ya san zai iya tsayawa: can inda suka taso akwai gangaren yashi, in ya kashe inji jirgin zai hau da kansa. Haka suka ratsa tafkin gaba ɗaya, Hajiya ta ƙarasa labarin mai gajeren wando a tsakiyar ruwa.

A can gefen, Alhaji ya ce sai ya yi la'asar, sannan a san yadda za a ɗora jirgi a bayan mota, wanda shi ma bai taɓa yi ba. Wayar Liyatu tana cikin gidan da ta kulle. Lamba ɗaya ta haddace a duniya, ta karɓi wayar Hajiya ta kira. Malachy ya ɗauka da muryar barci. Ta fara bayani, maganar ta hau ta tsinke, abin da ya iya tsinta kawai shi ne ruwa, da jirgi, da ba takalmi. Ya ɗauka kuka take. Sai da Hajiya ta karɓi wayar ta yi masa kwatance.

Ya iso da shatin matashin kai a kumatu, ya tarar da matarsa zaune a kan dutse cikin rigar ruwa, tana cin dambun naman Hajiya. Ya dube ta daga ɗankwali zuwa yatsun ƙafa. Ya gai da Alhaji, ya gai da Hajiya, ya buɗe mata mota.

Hanyar da ta zagaye tafkin doguwa ce, cikin itatuwa. Suka yi nisa. Dariyar ta gama sauka, abin da aka rasa ya hau mata ƙirji. Ta faɗa masa duka: Zipporah, kwana biyun, tagar, gadon. Bahon ne kawai ta tsallake.

"Na so in ba ka mamaki ne, Baban Jerry. In farka in gan ka. Ka san rabona da in farka in gan ka?"

Malachy ya rage gudu.

"Yanzu kuma na zubar. A kan rakiya."

"Har tsakiyar ruwa," in ji shi.

Sai ta ji wata ƙara daga ƙirjinsa, kamar ana jan tebur a ɗakin ƙasa. Ta daɗe ba ta ji irinta ba, har sai da ta juyo ta tabbatar: dariya yake. Ya yi ta har ya share ido da bayan hannu. Da suka isa marina ta ce ya jira a mota ta miƙa makulli ta ɗauko kayanta. Ya kashe mota ya fito.

Sun tarar an fara watsewa. Rachael ta riga ta buɗe gidan da wani makullin, ta tsaya da kanta ta sallami layin, kuma wata baƙuwa mai son ganin girman obin ta gano takalman. Ga su nan a hannun Rachael, ta riƙe da yatsa biyu. Ta fara tambayar ko Liyatu lafiya take, kuma da gaske take tambayar, sannan ta miƙa hannu a ba ta makulli. Ta ce ba yadda za ta yi, gobe sai ta nemi wanda zai iya zama wuri ɗaya.

Liyatu ta cire makullin daga wuya. A nan ne Malachy ya yi gyaran murya, ya yi jawabi mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa da Turanci. Ya ce shi zama wuri ɗaya ba ya ba shi wahala. Gobe in ya tashi daga aiki zai zo nan kai tsaye, a ba shi gidan, ba zai motsa ba ko gobara ake. Matarsa kuma a bar ta ta yi tafiyarta, tunda ba a iya hana ta. Mutum biyu a gida ɗaya, ladan mutum ɗaya.

Rachael ta dube shi, ƙato, shiru, kamar an dasa shi. Ta dubi Liyatu da ke sa takalmi tana cije leɓe. Ta ce to, amma da sharaɗi: ƙofar baya za ta zauna a kulle, makullin kuma a wuyansa.

Ranar Lahadi ba su je coci ba, abin da matan zumunta ba su bari ya wuce haka nan ba. Cikin korayen rigunan babu wadda ta kai Malachy, wadda aka samu a cibiya ta tsaya masa. Ya kafa kujera a bakin ƙofa, idanunsa jajur don rashin barci, duk wanda ya zo ya yi masa maraba da kalma ɗaya ya nuna ciki da haɓa. Ba wanda ya yi gigin hawa gado. Liyatu kuwa ta samu sake: ta zaunar, ta shayar, ta raka har fakin, wasu har bakin kwalta. Duk dawowa sai ta hango shi daga nesa yana nan, kansa na rinjaya yana fizgo shi, sai ta ƙara sauri tana dariya ita kaɗai. Da yamma Rachael ta karɓi makulli ta ce su zaɓi ranakunsu a watan Nuwamba.

Neman hutun ne ya fi komai ba Malachy wuya. Sai da ya daɗe yana shirya maganar kafin ya tunkari manajansa, wanda ya amsa tun bai gama tambaya ba, har yana cewa da ma ya rasa wa yake tara wa hutun nan.

Ranar wata Talata suka je. Ganyaye sun zube, jiragen duk an lulluɓe su da tamfol, ba kowa a wurin sai agwagi. Liyatu ta zo da tukwane kamar masu ƙaura. Ta tanadi hira mai yawa, labaran da matakala ba ta taɓa isa a ba da su ba, amma ana gama cin tuwo, gari na yin duhu, jikin mai tashin asuba ya ci amanarta. Tana tsaka da magana barci ya ɗauke ta.

Hasken tagar ne ya tashe ta. Tururi na tashi daga ruwan. Ta ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin wuyanta, ba matashi ba. Ta juya. Malachy na kwance a gefenta, idonsa biyu tar, yana kallon rufi kamar mai gadi.

"Ba ka yi barci ba?"

"Lokacin aiki ne."

"To me ya hana ka tashi?"

"Kanki na kan hannuna." Ya nuna hannun da haɓa. "Tun jiya ya mutu."

Ta ɗaga kai, ya janyo hannun da ɗayan kamar kayan wani. Ta kama tana murza masa, dariya na hawa tana tsinkewa, tana ce masa ai da sai ya ture ta. Ya ce to. Kafin jini ya gama dawowa yatsun, numfashinsa ya canja, ya yi nauyi. Rana ta fito sosai, shayi na jira, tukwane na jira. Liyatu ta ja bargo har kafaɗarsu, ta gyara kwanciya.